Littattafan da Auta Ta Aiko

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, Umma na gaishe ki, Antinki da yara ma suna gaisuwa. Kowa lafiya, sai gwiwar Umma da kika sani.

Kin san ni da waya. In na kira, abin da na shirya faɗa sai ya gudu, in ɓuge da tambayar lafiya ina maimaitawa. Ke kuma kwanan nan ko ɗagawa ba kya yi. Shi ya sa na koma takarda. Wannan da kike karantawa ba ita ce ta farko ba. Ta farkon a littafina na kullum na rubuta ta, na karanta na ji kamar faɗa nake miki, na sake. Zan ba direban motar da ke zuwa garinku, ya ce ta ƙofar jami'a yake wucewa.

'Yar ɗakinku ta kira Antinki. Ta ce kin daina zuwa lacca, kin daina zuwa wurin malamar da ke duba kundin bincikenki, kina kwance kina kallon silin. Ta ce ba ciwo ba ne, ba kuma saurayi ba ne, don sai da Antinki ta tambaya. Ban gaya wa Umma ba. Ita har yanzu in maƙwabta suka tambaye ta me kike karantawa, cewa take, "Karatun gyara duniya," don ta kasa riƙe sunan. Ni na riƙe, na ma rubuta a bangon littafina: siyasar tattalin arzikin duniya da ci gaban ƙasashe.

Auta, a shekarar ƙarshe kike. Ni a sakandare na tsaya. Baba ya rasu kina goye, na shiga kamfanin ɗinkin riguna, ina nan har yau a teburin ƙarshe ina duba kwala da maɓallai. Ba gori nake miki ba, ban taɓa jin an cuce ni ba. Ina faɗa ne don ki san ban san yadda jami'a take ta ciki ba, mai yiwuwa akwai abin da ke sa mutum ya kwanta haka wanda ban sani ba. To ki sanar da ni. Ko faɗa ne ki yi mini, amma ki rubuto.

Allah ya ba ki lafiya da natsuwa.

Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na gode da gaisuwa. A gaishe da Umma, a ce mata ta riƙa shafa maganin, ta daina ajiye shi tana jiran ranar da ciwon zai fi haka. A gaishe da Anti, a ce mata saurayi ko na magani babu.

'Yar ɗakinmu bakinta ba ya rufuwa, amma ba ta yi ƙarya ba. Ba zan rubuta kundin ba, ba kuma zan zauna jarrabawa ba. Ina so in dawo gida.

Ka tuna hutun da ya wuce an tura ni wani ofishin masu ba da agaji don sanin makamar aiki? Aikin da aka ba ni shi ne in shirya rahoto a kan talaucin wani yanki. Na yi murna, na sayi sabon biro. Sai shugabar sashen ta miƙo mini wani tsohon rahoto ta ce, "Ki bi wannan, ki sabunta shekara da hotuna." Na ce to shawarwarin fa? Ta ce, "Suna nan daram, 'yata." Da na shiga ɗakin ajiya sai na tarar shi ma tsohon daga wani tsohon aka kwafo shi, wanda aka rubuta tun kafin a haife ni. Rijiyar da aka ce a haƙa a wancan, ita ce aka ce a haƙa a nawa.

Da mugaye ne da na ji sauƙi, Yaya. Mutanen kirki ne, suna ba ni shayi, suna tambayar jikin Umma.

Na dawo aji na zauna ina sauraron lacca, sai na ga abin da ake koya mana ke nan tun shekarar farko. Wa ke sa farashin abin da muke nomawa, wa ke ba da rance, wa ke gindaya sharaɗi, wa ke rubuta dokar ciniki. An nuna mana yadda aka ɗaure kullin tsaf, babu wanda ya ce ga inda ake kwancewa. Wanda ya fi kowa iya bayanin kullin shi zai ci jarrabawa, a ba shi kujera a ofis irin wancan, ya miƙa wa wata yarinya tsohon rahoto. Ni ba na son kujerar.

Kada ka ce mini "zai yi". Na san ita ce a bakinka.

Ka huta lafiya.

Auta

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum, tare da fatan kina cin abinci.

Na karanta takardarki a hutun rana, na sake karantawa a motar dawowa. Ban ce zai yi ba. Na rubuta, na soke.

Ba zan iya hana ki dawowa ba, gidanku ne. Amma ina neman alfarma ɗaya. Kin yanke hukunci a kan littattafan da ban karanta ba, don haka ba ni da bakin musa miki. Ki aiko mini da su. Ina da ƙamus, ina da lokaci bayan sallar asuba kafin motar kamfani ta zo. Zan karanta, in rubuto miki inda na ga ba su yi daidai ba, ke kuma ki ba ni amsa. Ranar da na rasa abin tambaya, ni da kaina zan zo in ɗauko akwatinki. Kafin nan ki zauna inda kike.

Na san abin dariya ne, mai duba maɓalli zai yi musu da farfesoshi. Mai yiwuwa a shafin farko zan maƙale. Amma aikina ke nan, a miƙo mini abin da kowa ya ce ya yi, in juya shi ciki waje in nemo zaren da ya saki.

Wassalam.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa. Ga su nan, direban sai mita yake wai duwatsu na ba shi. Ka fara da mai shuɗin bango, ya fi sauƙi. Kada ka naɗe kusurwar shafi, na laburare ne. Na ba ka zuwa ƙarshen wata, sannan ka zo da igiyar ɗaure akwati.

Auta

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Umma ta ga littattafan a kan tabarma ta ce, "To, kai ma gyaran duniyar ka shiga? Ka fara da famfon bayan gida."

Mai shuɗin bangon da kika ce ya fi sauƙi, ban san da wanne kika gwada shi ba. Nakan duba kalma a ƙamus, in tarar bayanin ma sai na duba. Amma na lura marubutan nan suna da hali irin na Manajanmu, abu ɗaya suke faɗa ta hanyoyi da yawa, in ka yi haƙuri za ka kama shi a na ƙarshe.

Ga abin da na gani, in na yi kuskure ki gyara mini. Littafin da kansa ya ce akwai ƙasashen da suka fara da ɗinkin riguna kamar mu, daga nan suka koma haɗa rediyo, daga nan mota. Ni a ganina ƙasashe layi suke bi, kamar layin karɓar magani a asibiti. Na baya yana ganin kamar ba a motsi, har ya yi zuciya ya tafi, alhali a gaba ana ta sallamar mutane. Ranar da aka ɗauke ni aiki, tsohon Manaja ya tara mu ya ce 'ya'yanmu ba riga za su ɗinka ba, injin ɗinkin za su ƙera. Na rubuta maganar a ranar, tana nan. Ga ki a jami'a. Wannan ba motsi ba ne?

Sai abu na biyu, shi ban san ko hujja ba ne. Duk rigar da ta wuce teburina, ina saka mata 'yar takarda mai lambata a aljihun gaba. Nakan saka ta rubutun yana kallon sama. Nakan ce wani mutum a wata ƙasa mai sanyi zai sa hannu a aljihu ranar da zai je neman aiki ko ɗaurin aurensa, ya ciro ta, ya san wani ya duba masa kwalar nan da kyau. Littafinki ya kira wannan sarƙar samar da kaya, ya yi ta zanen akwatuna da kibiyoyi. Ban ga inda ya sa mutumin da ni ba. In ya manta da mu, me kuma ya manta?

A wurin aiki sun gan ni da littafin. Mai guga ya ce, "Zai-Yi ya zama farfesa! Farfesa, duba mana shafin ƙarin albashi." Na ce ban kai nan ba. Uwar layi, wadda ke kula da masu ɗinkin hannun riga, ta ce, "Bar shi ya karanta, ko ma dai mene ne zai ce mana zai yi." Kin san sunan da suke kirana ke nan tun kina firamare.

Ina jiran amsa. Ki rubuta dalla-dalla, kin san kaina ba ya sauri.

Allah ya yi miki albarka.

Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. A gaishe da gida.

Ka ɓata mini rai, wallahi. Na karanta maganar layin asibitinka na tashi zaune. Na san ba daidai ba ce, amma da na zo rubuta dalili sai na ga da ka kawai nake magana, ba ni da hujja. Dole na sa takalmi na tafi laburare. Mai gadin ƙofa ya ce ya ɗauka na yi aure.

Ga amsarka a takardun da na haɗo, sun yi yawa, ka yi haƙuri. A taƙaice: layin ba ya tafiya, Yaya. Waɗanda ka gani a gaba ba layi suka bi ba. A lokacinsu sun rufe ƙofofinsu, sun kare masana'antunsu har suka yi ƙarfi. Da suka shige ciki, sai aka sake doka, aka ce duk wanda ya yi yadda suka yi ya karya ƙa'ida. Yanzu su ne ke zaune a taga suna raba katin layi. Kuma mu na baya ba jira kawai muke ba, rige-rigen rage farashi muke da juna, don mai oda, wato mai sayen kayan daga waje, ya dube mu. Kamfaninku ya yi shekara nawa yana ɗinka riga? Ko allura ya taɓa ƙerawa?

Maganar takardar aljihu kuwa, ban so in faɗa ba, amma kai ka ce dalla-dalla. Na tambayi wata da ta yi aiki a irin manyan ɗakunan ajiyar da kayanku ke sauka. Ta ce a inda ta yi aiki, kafin riga ta kai kanti ana zazzage aljihu, a cire duk wata takarda, a liƙa tasu. Mutuminka mai ɗaurin aure bai taɓa ganin lambarka ba.

Ina cikin kwafar amsar a laburare sai ga malamar da ke duba kundina a kaina. Muna kiranta Ina-Hujja, don ko gaishe ta ka yi sai ta tambaye ka hujja. Ta ɗauki takardun ba ta tambaye ni ba, ta karanta a tsaye. Ta ce, "Wa kike yi wa wannan faɗan?" Na ce yayana. Ta ce, "To ki ci gaba da yi masa. Wannan shi ne babinki na farko. Abin da kika kawo mini a da, gawa ce." Na ce mata ni ba kundi nake rubutawa ba. Ta ce, "Ina hujja?"

Ba na ce na fasa dawowa ba ne. Amma ba zan tafi in bar ka da wannan layin a kanka ba. In kana da wata, turo.

Taka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ki yafe jinkirin wannan karon. Takardunki na baya-bayan nan duk sun iso, har da ta jiya mai amsar tambayata a kan rance. Na jera su bisa tsari a cikin kwalin riga, na sa wa kowace lamba.

Na bi maganarki ta rufe ƙofa, na koma ɗaya littafin da kika aiko, mai jan bango, na duba, haka ne. Na bi ta farashin auduga, ita ma haka ne. Nakan juya amsarki ciki waje yadda nake yi wa riga, in ja ɗinkin da ƙarfi. Ba ya saki. Kin iya aiki, Auta.

Wakilin masu oda ya zo zagaye kwanakin baya. Saurayi ne, mai fara'a, ya gaisa da kowa. Ya tsaya a teburina ya ga ina saka takardar aljihu, ya tambayi Manaja mece ce. Da aka gaya masa sai ya yi murmushi ya ce ba a buƙata, ɓata lokaci ne. An ce in daina. Ragowar suna cikin aljihun teburi. Hannuna har yanzu yakan tafi aljihun rigar da kansa, in ga ba komai a cikinsa, in dawo da shi.

Ba wani abu ba ne. Na faɗa miki ne don ki san wadda kika tambaya ta yi gaskiya.

Ga tambayata ta wannan karon. In ƙasashe masu ɗinki suka haɗa kai suka ce ba wanda zai rage farashi, ai dole mai oda ya saya yadda suka ce, ko ba haka ba? Ki amsa wannan da kyau, da hujjoji, kada ki taƙaita. Ki nuna wa malamarki kafin ki aiko.

Umma ta ce ki aiko da hoto, wai ta ji a jikinta kin rame.

Yayanki

*

Autar Umma,

Sallama da gaisuwa. Ni ce Antinki. Ki yi haƙuri da rubutuna, rabona da biro tun rajistar makarantar yara. Yayanki bai san na rubuto ba, na ba direban da kaina.

Na ji kin miƙa kundi, saura ki tsaya gaban malamai. Barka, Allah ya sa a yi a sa'a. Da na bari sai kin gama, amma cikina ya ƙi riƙewa.

An rufe layinsu, Auta. Masu oda sun kwashe aikin sun kai wata ƙasa. Ba a kore shi ba, an mai da shi ɗaure kwalaye a sito, rabin yini. Teburin nan nasa da fitilar da yake duba riguna da ita, an jingine su a bango. Wannan ya faru tun kafin takardarsa ta ƙarshe da ya aiko miki, ya hana kowa ya faɗa.

Ba wannan ne ya sa na rubuto ba, aiki Allah ke bayarwa. Uwar layi ce ta zo har gida ta ba ni labari. Ranar da aka sanar, suka taru a bakin ƙofa, mata na kuka. Mai guga ya ce, "Zai-Yi, yi mana magana mana, kai ka karanta." Kowa ya juyo, don kin san shi, ko gobara ake yi zai ce zai yi. Ta ce sai ya gyara tsayuwa ya yi musu bayani a natse, kamar mai karanta labarai, cewa odar ba za ta dawo ba, ya faɗi dalili ɗaya bayan ɗaya. Ya ce waɗanda aka kai wa ma kada a yi musu hassada, su ma za a kwashe a kai gaba. Mai guga ya ce, "To mu yi yaya?" Ya ce, "Ban kai wannan shafin ba. Ina jin babu shi." Uwar layi ta ce mini da zaginsu ya yi da ya fi.

Littafinsa na kullum, wanda ko ranar da na haihu sai da ya rubuta a ciki, ya daina taɓawa. Yana kan kabad ƙura ta hau. Da asuba yakan zauna a kan sallaya har rana ta fito, ba ya karatu, ba ya komai. Famfon ma da ya ce zai gyara yana nan yana ɗiga.

Amma takardarki bai fasa ba. Ran nan na same shi yana rubuta miki tambayar nan ta ƙasashe su haɗa kai, yana rubutawa yana sokewa. Na ce, "Baban yara, kai ka yarda da abin da kake rubutawa kuwa?" Ya ce, "A'a. Na san amsar, tana cikin mai jan bango. Amma babi ɗaya ya rage mata, kuma sai da abokin faɗa take rubutu." Na ce, "To kai fa?" Ya ce in miƙo masa ambulan.

Ni ban san abin da ke cikin littattafanku ba, ba na kuma son sani. Mijina na ba ku aro, ku dawo mini da shi. Ke kika iya magana da shi. Ki nemo wani abu a cikin karatun naki, ko ƙarami ne, ki ce masa ya yi gaskiya.

Kada ki ce na faɗa. Ki ci abinci.

Antinki

*

Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa ta musamman, da Umma, da Anti, da yara.

Na tsaya gaban malamai, na ci. Ɗayansu ya ce kundin ba ya barin ko tagar shan iska. Ina-Hujja ta ce ba a tura ni neman taga ba. Ta ce in nemi gurbin digiri na biyu, za ta rubuta mini takarda. Jarrabawa ma na zauna duka. Ba sai ka zo da igiya ba.

Ga kwafinka, na sa an yi masa bango mai kauri. Ka buɗe shafin farko. Na rubuta: "Ga Yayana, wanda bai taɓa yanke ƙauna ba." An riga an buga kafin in yi tunani da kyau. Ban san ko in yage shafin ba. Na bar shi.

Yaya, akwai abin da nake so ka sani. Littattafan da na aiko maka, ni na zaɓe su, kuma na zaɓe su ina cikin fushi. Akwai wasu a laburaren da ba haka suke gani ba. Ga ɗaya na haɗo, mai koren bango. Marubuciyar ta nuna cewa yara da yawa da a da za su mutu yanzu suna rayuwa, mata da yawa suna karatu, kuma akwai ƙasashen da suka samu hanya ko bayan an sake dokar. Layinka ba shirme ba ne. Wataƙila yana tafiya a hankali, ni ce na yi gaggawa. Kai ka ce ga ni a jami'a, ka tambaye ni ko wannan ba motsi ba ne. Ban ba ka amsa ba a lokacin, na tsallake. Motsi ne, Yaya.

Maganar takardar aljihu ma, mutum ɗaya na tambaya, a wuri ɗaya ta yi aiki. Ina-Hujja da ta ji da ta kore ni. Wa ya san sauran wuraren? Wataƙila wani ya ciro.

Ka karanta mai koren, ka rubuto mini. Wannan karon kai ka kare littafin, ni in yi tambaya. Ko mu juya, yadda ka fi so. Don Allah ka rubuto da tsawo, irin na da, da labarin Mai guga da komai.

Zan zo da zarar an sallame mu. Ka ce wa Umma duniya ba ta gyaru ba tukuna, amma ina tafe da mai gyaran famfo.

Ƙanwarka da ke ƙaunarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Barka, barka. Umma ta yi kuka, ta zagaya maƙwabta da kundin a hannu. Allah ya sa albarka. Ki nemi digiri na biyun, kada ki tsaya.

Na karanta mai koren bango. Matar tana da kirki. Amsarta tana cikin babinki na uku, daga tsakiya zuwa ƙarshe, kin ma fi ta hujja. Ga shi na dawo da shi tare da sauran, ban naɗe ko kusurwa ɗaya ba.

Kada ki yi faɗa da Antinki, na gane akwai hannunta a abin da kika rubuto. Shafin farko ma ki bar shi. Lokacin da kika fara rubutun gaskiya ne.

Kundin na duba shi yadda na iya, ciki da waje, na ja kowane ɗinki. Ban samu zaren da ya saki ba. Ina mai da miki ki ajiye, wurinki ya fi dacewa da shi. In kin buɗe bangon baya za ki ga 'yar takarda mai lambata, ɗaya daga cikin waɗanda suka rage. Rubutun yana kallon sama.

Ba ni da sauran tambaya.

Allah ya kawo ki lafiya.

Yayanki